Tseren motocin 1967 ta intanet daga Katsina: amsa ga ƙanena ɗan Daura

Wani ƙanena ɗan Daura da ke karatu a nan Katsina ya ji labarin ina shiga tseren mota na kwamfuta da mutanen Turai, sai ya aiko da tambaya. Ya ce ya gwada Lotus 49, motar tseren Formula 1 ta 1967, a laftof ɗinsa da fad irin na wasan ƙwallo, amma bai taɓa haɗa zagaye uku a jere ba, motar sai ta juya da shi kamar katantanwa. Yana son ya san ko kayan aikinsa ne ba su da kyau, wane wasa zai kama, ko wutarmu da sabis ɗinmu za su bar mutum ya yi gasa ta gaske, sannan ko ana samun kuɗi.

Ƙanena, bari in fara da ta ƙarshe tunda gajeriya ce. Babu kuɗi. Gasar tsofaffin motoci ta masu sha'awa ce, yawancinsu dattawa da suka girme ni, wani malamin makaranta, wani ɗan fansho. Abin da ake ci shi ne maki a tebur da kuma girman da abokan tsere za su ba ka. Kai ne ma za ka kashe, ga data ga kaya. In neman kuɗi ya kawo ka, ka tsaya a nan ka koma ga karatunka.

Kayan aikinka kuma ba su ne suka juya ka ba. Ko an ba ka sitiyarin da ya fi kowanne tsada, a satin farko haka za ka yi ta wulwulawa, domin halin motar ke nan. A 1966 aka sauya dokar tseren Formula 1 aka yarda da inji mai lita 3, ninki biyu na wanda ake amfani da shi kafin nan. Lotus 49 ta fito a 1967 da injin Cosworth DFV mai silinda takwas, ƙarfin doki kusan 400, a jikin motar da nauyinta bai wuce kilo 500 da 'yan kai ba. Ka kwatanta da Golf ɗin da ke jigilar mutane tsakanin Katsina da Daura: ta ninka ta nauyi, ƙarfinta kuwa bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba. Tayoyin wancan lokacin masu zane ne, masu tauri. Fuka-fukan da ke danne mota a ƙasa sai a 1968 suka shigo, taya mai santsi marar zane kuma sai 1971. Ashe shekarar 1967 ta faɗo ne a tsakani, ƙarfi ya iso amma abin riƙe shi bai iso ba. Shi ya sa masu wannan harka suka fi ƙaunar ta, shi ya sa kuma take wahalar da baƙo.

Abin da zai fi ruɗa ka, in ka saba da motocin tsere na yanzu, shi ne batun iska. Motar zamani tana ƙara manne wa kwalta gwargwadon gudunta, saboda iska na danna fuka-fukanta. Ta 1967 ba ta da wannan gata. Riƙon da taya ke da shi a gudun kilomita 80 shi ne dai take da shi a 280, har gaban motar ma yakan yi sakayau a babban gudu. Don haka inda kake taka birki a motar zamani, a wannan ka riga ka makara tun tuni.

Ni a 504 na koyi tuƙi, a hannun maigidan da ya koya mini aikin gareji, kuma duk wanda ya taɓa kora 504 fanko a hanyar burji bayan ruwan sama ya riga ya san rabin darasin. Tayoyin baya ne ke tura ta. Ka danna totur da ƙarfi cikin kwana, baya ya fita. Ka tsorata ka saki totur gaba ɗaya, nauyi ya koma gaba, baya ya yi sauƙi, ya ƙara fita. Wannan na biyun shi ke kashe sababbi, don hankali yana gaya maka sakin totur shi ne tsira. A motar da injinta ke bayan direba abin ya fi muni. Ƙafarka ta dama ita ke raba nauyi tsakanin tayoyin gaba da na baya, kuma motar tana jin kowane motsi nata. Ka rage a hankali, ka bar ɗan totur kaɗan ya riƙe bayan, ka ƙara a hankali.

Birki ma haka. Babu wata na'ura da za ta hana taya kullewa. Ka taka shi tun motar tana miƙe, da ƙarfi a farko, sannan ka dinga sassautawa yayin da gudu ke raguwa, domin ƙarfin da taya ta ɗauka a farkon birki in ka ci gaba da shi har bakin kwana za ta kulle. Taya in ta kulle ba ta jin sitiyari, sai dai ka tafi inda hanci ya nufa. Sai rage giya, wanda da yawa ba su gane shi ne ya juya su ba. In ka sauko daga ta huɗu zuwa ta uku alhali injin yana ƙasa, tayoyin baya za su fizga kamar an ja birkin hannu. Maganinsa ɗan taɓa totur a daidai lokacin da kake sauya giya don injin ya tashi ya tarbi tayoyin. Direbobin da ke da feda uku suna yi da diddige da yatsu a ƙafa ɗaya. Kai da kake da fad, ka bar wasan ya yi maka wannan a yanzu, babu abin kunya.

Akwai wani abu da sai ka daɗe za ka ji shi a jiki. Waɗannan tayoyi sun fi riƙo lokacin da suke ɗan zamewa kaɗan. Gwani yana shiga kwana motar a ɗan karkace, tayoyi huɗu duka suna gogawa, sitiyari kusan a miƙe, totur ne ke juya ta. In ka taɓa tsayawa a filin folo na Katsina ka ga yadda mahayi na gari ke juya doki da gwiwa da nauyin jikinsa, linzami kuwa taɓawa kawai yake yi, to ka ga misalinsa. Amma kada ka fita neman wannan zamewar da gangan. Da kanta take zuwa bayan ka yi ɗaruruwan zagaye.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe fiye da komai, kuma tarihin shekarar ne ya koyar da shi. Jim Clark shi ne ya fi kowa sauri a 1967, motarsa ta fi ta kowa. Ya ci tsere huɗu: Holan, inda Lotus 49 ta fara fitowa a Zandvoort, sai Ingila, Amurka da Meziko. Amma kambun shekara Denny Hulme ɗan New Zealand ne ya ɗauka, da tsere biyu kacal, Monako da Jamus, a cikin Brabham mai injin Repco wanda bai kai na Lotus ƙarfi ba. Hulme ya gama da maki 51, maigidansa Jack Brabham 46, Clark 41. Lotus tana yawan lalacewa, Brabham kuma tana kai wa ƙarshe. A gasar intanet abin har ya fi haka fitowa fili. Ana tashi mutum goma sha biyar ko ashirin, kafin rabin tsere wasu sun juya, wasu sun daki juna, wasu sun fasa inji da yawan ja. In kana bin zagayenka a natse, ko da daƙiƙa biyu kake bayan na gaba a kowane zagaye, sai ka ga kana hawa matsayi ba tare da ka wuce kowa ba. Sauri ya haifi nawa. Makina na farko a gasa haka na same su, ban wuce mota ko ɗaya a kan hanya ba.

Maganar wasa kuwa, uban gidan duka shi ne Grand Prix Legends, wanda kamfanin Papyrus ya fitar a 1998, kuma kakar 1967 ɗin ce ya kwaikwaya. Motoci bakwai ne a ciki: Lotus, Ferrari, Brabham, Eagle, BRM, sai Honda da Cooper waɗanda aka sauya wa suna zuwa Murasama da Coventry saboda matsalar izini. Filaye goma sha ɗaya. Lokacin da ya fito bai yi kasuwa sosai ba don ya yi wa mutane wuya, amma waɗanda suka kama shi ba su sake shi ba. Su suka ci gaba da gyara shi, suka ƙara filaye masu ɗimbin yawa da motocin wasu shekaru kamar 1955, 1965 da 1969. A wurinmu nan yana da fa'ida babba: an yi shi ne don kwamfutocin zamanin da da intanet na layin tarho, saboda haka laftof ɗinka zai ɗauke shi ba tare da nishi ba, kuma ba ya cin data. Wahalarsa ita ce girkawa. Sai ka yi haƙuri da ƙananan gyare-gyaren da ake ɗora masa kafin ya zauna a Windows na yanzu, kuma masu yinsa sun ragu, sai ta hanyar ƙungiya za ka sami abokan tsere.

Assetto Corsa na kamfanin Kunos na Italiya ya fi sauƙin farawa. Akwai Lotus 49 a ciki, akwai filin tseren Monza na Italiya kamar yadda yake a 1966, ana kuma iya ƙara Lotus 25, Maserati 250F da Ferrari 312 ta 1967. Yakan yi arha ƙwarai a lokacin rangwame a Steam, shagon sayar da wasanni ta intanet, kuma mutane sun fi yawa. Automobilista 2 na 'yan Burazil yana da tsofaffin motoci da filaye masu kyau, sai dai yana son kwamfuta mai ƙarfi. Shi kuwa iRacing, wanda David Kaemmer, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Papyrus, ya sa hannu wajen kafawa, yana da Lotus 49 da tsari mafi tsauri, amma biya ake duk wata da dala, sannan ka sayi mota daban, fili daban. Ga ɗalibi ba zan ba da shawararsa ba. Ka fara da Assetto Corsa in laftof ɗinka zai iya, in ba zai iya ba ka zo in girka maka tsohon.

Ka ajiye Lotus 49 tukuna. A Grand Prix Legends akwai motocin koyo masu ƙaramin ƙarfi, akwai kuma na 1965 masu lita ɗaya da rabi, ƙarfin doki wajen 200. A Assetto Corsa ka ɗauki Lotus 25. Halinsu ɗaya da manyan, sai dai suna ba ka lokacin gane kuskurenka kafin ya zama haɗari. Fili kuma ka zauna a Monza. Tsohuwar Monza ba ta kai kilomita shida ba, kwanoninta kaɗan ne: Curva Grande, Lesmo biyu, sai Parabolica a ƙarshe, wadda za ta koya maka birki fiye da kowane malami. Na san zuciyarka tana filin Nurburgring na Jamus, kowa haka yake. Zagaye ɗaya a can ya haura kilomita 22, Clark kansa minti takwas da 'yan daƙiƙu yake yi, kwanoninta sun fi ɗari, da yawa ba ka ganin bayansu. Tsohuwar Spa ta Beljiyom kilomita 14 ce tsakanin gidaje da gonaki. Waɗannan na baɗi ne.

Ma'aunin da nake ba duk wanda ya tambaye ni shi ne zagaye ashirin a jere, taya ba ta taɓa ciyawa ba, kuma tazarar da ke tsakanin mafi sauri da mafi nawa ba ta wuce daƙiƙa ɗaya da rabi ba. Ka kashe agogo a idonka in zai yiwu. Ranar da ka iya wannan, ka cancanci shiga cikin mutane. Don ka san inda ake, Clark ya yi zagayen Monza a minti 1 da daƙiƙa 28.5 a 1967. A ranar tseren tayarsa ta yi faci, aka ba shi zagaye guda, ya kamo su duka ya koma gaba, sai mai ya yanke masa a zagayen ƙarshe ya gama na uku, John Surtees ya ci a Honda da ratar da ba ta kai tsawon mota biyu ba.

Saiti kada ka taɓa shi yanzu, kuma kada ka kwafi na gwanaye. Nasu an yi shi ne don mota ta juya da wuri, a hannunka kuwa za ta juya fiye da yadda kake so. Abu biyu kawai na yarda ka gyara: ka ɗan tura rabon birki gaba in baya yana rawa lokacin tsayawa, ka kuma daidaita giya ta ƙarshe don injin kada ya ƙure kafin ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya.

In ka tara kuɗin kaya, ka sani feda ta fi sitiyari muhimmanci. Abin da fad ke hana ka shi ne tazarar motsi, domin maɓallin da ke tafiyar rabin inci ba zai raba maka totur kashi-kashi yadda ƙafa za ta yi ba. Logitech G29 na hannu, ko G27 da ya riga shi, ya ishe ka shekaru. Kafin ka biya ka sa a haɗa shi da kwamfuta ka taka kowace feda a hankali kana kallon ma'auninta a allo. In yana tsalle, ƙura ta shiga ciki. Wannan ciwo ne da za ka yi ta fama da shi a nan kowane hunturu. Ni nakan buɗe nawa sau biyu a shekara in fesa maganin wanke kayan lantarki, in kuma rufe su da tsohon zane bayan na gama. Da bazara kuma laftof ne ke shan zafi ya rage gudunsa, hoto ya fara yankewa a tsakiyar tsere. Ka ɗaga shi daga tebur, ka juya masa fanka. Kujera mai taya kada ka zauna a kanta, birkin farko za ta kai ka bango.

Sabis yana yiwuwa, ina yi. Yawancin kwamfutocin da ke riƙe da tseren a Turai suke, saƙonka kuma sai ya gangara Legas ya bi wayoyin ƙarƙashin teku kafin ya isa, don haka kullum kana da jinkiri fiye da Bature. Wasannin suna iya jure jinkiri matuƙar a tsaye yake. Wanda ba sa jurewa shi ne mai hawa da sauka, domin a allon sauran mutane motarka za ta dinga ɓacewa tana bayyana a wani wuri, wani lokaci a cikin motar wani. Saboda haka kada adadin megabait ya ruɗe ka. Ka haɗa laftof da ruta ta waya maimakon ta iska, ka samo kusurwar gidan da sabis ya fi zama, ka roƙi 'yan ɗaki su daina kallon bidiyo na awa ɗaya. Ka gwada layi fiye da ɗaya a daidai lokacin da za a yi tseren, don layin da ke gudu da safe yakan toshe da dare. Akwai kuma ranar da babu dabara, kamar watan Maris na 2024 da wayoyin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma. Irin wannan sai ka aika wa shugaban gasa uzuri.

Wuta ita ce ta taɓa ba ni kunya. Ina na huɗu a Spa, matsayi mafi kyau da na taɓa samu a lokacin, ina dosar kwanar Masta da cikakken gudu, aka ɗauke. Laftof bai mutu ba don yana da batir, amma sitiyari da ruta suka mutu tare. Motata ta miƙe, ta daki gefe, ta dawo tsakiyar hanya ta kwashe wani dattijo Bajamushe da ya yi rabin awa yana bina cikin ladabi. Washegari na rubuta masa doguwar ban-haƙuri, ya amsa da kyau, amma an rage mini maki kuma ban yi gardama ba. Tun daga ranar ba na tsere a kan wutar gari ko janareta kai tsaye. Sitiyari da ruta da laftof duka a kan ƙaramar inbata suke, kuma ba sa cin wuta sosai, batir ɗaya mai lafiya yana kai ni ƙarshe.

Lokaci yana taimakonmu. Agogonmu ɗaya ne da na Ingila a lokacin zafinsu, ɗaya da na Jamus da Faransa a lokacin sanyinsu, kuma gasa yawanci da dare ake yi, ƙarfe takwas ko tara. Sai dai ka duba ta yadda ba za ta ci maka Isha'i ba, don zagayen neman gurbi yakan fara rabin awa kafin tseren. Ni na zaɓi ƙungiyar da ke tashi ƙarfe tara, kuma da azumi hutu nake ɗauka.

Idan ka shiga ƙungiya, yawanci a manhajar hira ta Discord suke taruwa, ka gaya musu gaskiya cewa kai sabo ne kuma daga Najeriya kake, layinka yana da jinkiri. Za su sa ka a ƙaramin rukuni. A tserenka uku na farko ka tashi daga baya da kanka ko da ka sami gurbi mai kyau. Kwanar farko ita ce makabarta: tanki cike, mota ta yi nauyi, taya ba ta ɗumama ba, kowa jininsa ya hau. Ka taka birki da wuri sosai fiye da inda ka saba, ka bar rata fiye da ta Bature, domin abin da kake gani a allo ya riga ya faru. In ka juya, ka danne birki ka tsaya wuri ɗaya don masu zuwa su san ta inda za su kauce, kada ka dawo kan hanya sai ka tabbatar babu kowa. In kai ka daki mutum, ka jira shi ya wuce ka kafin ka ci gaba. In na gaba sun zo ba ka zagaye, ka riƙe layinka ka ɗan sassauta a miƙaƙƙiyar hanya, kada ka yi kauciyar ba-zata. Waɗannan mutane suna kallon maimaicin tsere bayan an gama, kuma suna tuna suna. Wanda aka sani ba ya dukan mutane, ko ya fi kowa nawa, ana marhabin da shi.

A Monza za ka ga abu ɗaya mai daɗi wanda motocin zamani suka rage masa armashi. In ka fake a bayan mota a miƙaƙƙiyar hanya, ita ke fasa iska, kai sai ka ji ana jan ka har ka fito ka wuce. Shi ma ya fake a bayanka ya rama. Haka za ku yi ta musaya zagaye bayan zagaye, kuma mai wayo yakan so ya shiga Parabolica ta ƙarshe a matsayin na biyu don ya fito da gudu ya wuce kafin layi. Amma ka tuna mai fakewa yana isa kwana da gudu fiye da yadda ya saba, sai ya matso da birkinsa baya.

Ranar Asabar bayan La'asar ina gareji wajen Ƙofar Ƙaura, sitiyarin yana ɗakin baya. Ka zo da laftof ɗinka da cajarsa in duba abin da zai iya ɗauka, ka kuma zo da takalmi mai siririn ƙasa ko ka tuƙa da safa, don da silifas ba za ka ji feda ba. Lotus 25 zan sa maka a Monza, zagaye ashirin.